Ina za a ci abinci a Tokiyo ba tare da aljihu ya yi kuka ba?

Malam, ka ce kwana biyar za ka yi kuma kuɗinka a ƙirge suke. To fara da kantunan 7-Eleven ko Lawson: dunƙulen shinkafa da kifi, wato onigiri, biyu sun ishe ka karin kumallo. Da rana shiga Sushiro, gidan cin sushi, wato shinkafa da ɗanyen kifi; ka zaɓa a allo, bel ya kawo maka farantin gabanka ka ɗauka. Amma ka yi hattara da ramen, wato taliya cikin romo, yawancin romonsa da alade a ciki, ko da ba ka ga naman ba. Naman halal kuwa, nufi unguwar Shin-Okubo; akwai lungun da shagunan Musulmi da masu kebab suka cika. Sushin unguwar Ginza sai mai hannu da shuni, yen 30,000 kan tafi a zama ɗaya. Kada ka bar wa ma'aikaci tukuici, zai biyo ka da canjinka.