Akwai dokar da ke raba shugabancin jam'iyya tsakanin ƙabilu?

Tambaya: Ni Ba'abzine ne, a birnin Tawa aka haife ni. Na daɗe ina yi wa wata jam'iyya hidima a unguwarmu, amma duk sanda aka kafa biro, wato kwamitin shugabanni, sai a ba ni kujerar "mai kula da makiyaya", alhali ni tela ne, ko akuya ba ni da ita. Shin doka ta tilasta wa jam'iyyu su dama da kowace ƙabila a shugabancinsu?

Amsa: Malam, babu dokar da ta yanka wa kowace ƙabila kasonta a biron jam'iyya. Kundin tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka dakatar a 2023, a ayarsa ta 9, hani ya yi: ba a kafa jam'iyya kan ƙabila, yanki ko addini. Ya tsaya nan, bai leƙa cikin gida ya ga wa ke zaune a wace kujera ba. Kason da doka ta sani na mata da maza ne, wanda aka soma a 2000 da kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe, ya kai 25 a 2019.

Inda aka tuna da ƙananan ƙabilu shi ne majalisar dokoki. An ware mazaɓu 8 na musamman, irin su Tasara a nan jihar Tawa, da Taskar, Bilma, Barmo da Bankilare, don kada yawan wasu ya danne wasu. Wannan ya ba su depite, amma bai ba su murya a reshen jam'iyya na birni ba. Ba'abzinen Abalak ko Cintabaraden yana iya shugabantar reshe ba gardama, tunda danginsa ke da rinjaye. Kai da ke tsakiyar Adarawa, kai ne tsarin ya manta da shi.

Za a ce maka ai Brigi Rafini, Ba'abzine, ya yi firaminista daga 2011 zuwa 2021, kuma PNDS-Tarayya, da Tawa ce cibiyarta, ta tsayar da Mohamed Bazoum, Balarabe, har ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Gaskiya ne, ba kuma ƙaramin abu ba ne. Sai dai a sama ana lissafin yankuna a fili, don kowa na kallo. A unguwa ba mai kallo.

Ga yadda abin ke tafiya kafin juyin mulkin 2023. A zaɓen kansiloli, jam'iyya ake jefa wa ƙuri'a, ita ke tsara jerin 'yan takara. To su wa ke tsarawa? Shugaban reshe, da sakatare mai riƙe da rajistan mambobi, da ma'aji, wani lokaci da Alhajin da ya sayi katunan jam'iyya ya raba wa mutanensa. Galibi ana gama magana da dare a zauren wani, washegari a zo taro a karanta sunaye a tafa. Kujerun "mai kula da makiyaya", "mai kula da al'adu" da mataimaki na huɗu, ado ne na hoton kamfe. Idan kana son auna jam'iyya, kada ka ƙirga rawuna a hoton, ka tambayi wa ke riƙe da rajista da asusu. Ba kullum ƙiyayya ce ba, sau da yawa sabo ne: mutum na kiran wanda suke shan shayi tare a fada. Amma wanda aka bari a waje, sakamakon ɗaya ne a wurinsa.

Yanzu kam babu biron da za ka nema. An dakatar da ayyukan jam'iyyu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, aka rusa jam'iyyun kansu a Maris ɗin 2025. Duk ranar da aka sake buɗe fage, ban goyi bayan a rubuta kason ƙabila a doka ba, don sai an fara tantance ƙabilar kowa, kuma a Tawa auratayya ta riga ta cakuɗa gidaje. Abin da zan nema shi ne zaɓen biro da ƙuri'ar sirri, rajista a buɗe ga kowane mamba, da ƙayyade wa'adin shugaban reshe. Kai kuma, in aka sake miƙo maka kujerar makiyaya, ka yi godiya, ka ce ta sakatare kake takara, a ƙirga ƙuri'a.