Man Shafawa Zai Iya Warkar Da Kansar Fatar Fuska?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanena zabiya ne, yana talla a bakin titi. Ya daɗe da wasu tabo masu kaushi a goshi, yanzu kuma wani ya fito masa a kunne, ya zama gyambo yana jini, wata huɗu ke nan bai warke ba. An ce mana akwai man da ake shafawa ya cinye kansar fata ba sai an yi tiyata ba. Mu saya? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ku sayi komai tukuna. Abin da ke goshinsa daban, na kunnen daban, kuma na kunnen ne ya fi tayar mini da hankali.

Man yana nan, kuma yana aiki, amma a kan cutar da ba ta wuce saman fata ba: tabon kaushi da zafin rana ke jawowa, da matakin farko na kansar da likitoci ke kira sikwamos, wato cutar Bowen. Iri biyu aka fi sani. Na farko fluorouracil mai kashi 5 cikin 100, wanda ake sayarwa da sunan Efudix. Ana shafa shi kaɗan-kaɗan sau biyu a rana, galibi mako 3 zuwa 4. Na biyu imiquimod, wato Aldara, wanda ke zuga garkuwar jiki. Da dare ake shafa shi, a wanke bayan kamar awa 8, kuma ba kullum ba, sai ranakun da likita ya ƙayyade.

Wurin zai yi ja, ya yi raɗaɗi, ya yi ɓawo, har ya sale. Aikin maganin ke nan, amma a nan ne mutane da yawa ke tsorata su daina, cutar ta dawo. Fatar kan koma daidai mako 2 zuwa 4 bayan an gama. A kiyaye ido da leɓe da cikin hanci, a wanke hannu bayan shafawa, kuma mai juna biyu ba ta amfani da fluorouracil. Idan ƙuraje suka fito a baki, ko gudawa ko zazzaɓi, a tsaya a koma wurin likita.

Gyambon da ke jini, ko ƙulli mai tauri da ke girma, alama ce mai yiwuwa cutar ta nutsa ƙasan fata, inda mai ba ya kaiwa. Haɗarin shi ne saman ya rufe kamar ya warke, alhali tana ci gaba da cin nama daga ciki. Kunne da leɓe suna cikin wuraren da ta fi saurin bazuwa zuwa kaluluwar wuya.

Ku kai shi wurin likitan fata ko na tiyata a cikin makon nan. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna duba irin wannan. Za a yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji, a kuma lalube wuyansa. Idan ta tabbata kansa ce, yanke ta ake yi tare da milimita 4 zuwa 6 na lafiyayyar fata a kewaye, ko fiye. Ƙaramar takan fita da allurar kashe zafi kawai, a sallame shi a ranar. Wadda ta yi nisa kan buƙaci dashen fata, ko a gasa wurin da na'urar asibiti, wato radiotherapy.

Tabon goshin kuwa, likitan ne zai ce ko mai ya dace. Kafin nan kada a shafa masa man bilicin ko na ƙaiƙayi, don suna ɓoye alamun, kuma kada a bari a ƙona ko a tsaga wurin. Ya riƙa sa malfa mai faɗi wadda ta rufe kunne, ya shafa man kariyar rana mai lamba 50 (wanda aka rubuta SPF 50 a jikinsa) duk bayan awa 2, ya mayar da tallarsa cikin inuwa daga hantsi zuwa la'asar, kuma a duba fatarsa duk wata 6.