Hukuncin kiwon tattabaru da kashe shirwar da ke ɗauke su

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina kiwon tattabaru a saman soro. Shirwa da shaho sun matsa mini, kusan duk mako sai na rasa ɗaya. Wani ya ce in sa guba a nama in ajiye musu. Ya halatta? Kuma tsare tsuntsu a keji ba zalunci ba ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, kiwon tsuntsu halal ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa ƙaninsa Abu Umair yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Annabi (SAW) ya riƙa tambayarsa cikin raha: "Ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi?" Bai tsawata ba. Sharaɗin shi ne ci da sha da inuwa, domin kyanwa ɗaya da aka ɗaure aka hana ta abinci ta kai wata mata wuta. Sai dai a kiyaye caca da tseren tattabaru, da leƙen gidajen maƙwabta daga saman soro, wanda ya fi shirwa yawan jawo rigima a unguwa.

Ita shirwa, sunanta ya zo ƙarara a hadisin Nana A'isha cikin biyar da ake kashewa ko a Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Kashe ta babu laifi. Shaho kuwa ba ya cikinsu. Imamu Malik ya ce a Muwaɗɗa wanda ya ɗaura haramin hajji ko umara ba ya kashe tsuntsu mai cutarwa sai hankaka da shirwa. Kai ba ka cikin harami, don haka shahon da ya saba da gidanka yana ɓarna kana iya kashe shi idan kora ta gagara. Wanda ke shawagi can sama bai taɓa ka ba, ka ƙyale shi.

Guba kam ban halatta maka ita ba. Naman da ka ajiye ba ya zaɓen mai ci. Kazar maƙwabci za ta tsattsaga, kyanwa za ta ɗauka, yaro ma yana iya taɓawa ya kai hannu baki. Ungulun da ta ci mushen ita ma ta tafi, alhali tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ga kuma azabar mutuwa a hankali, bayan Annabi (SAW) ya ce idan za ku kashe ku kyautata kisa.

Ka fara da sa raga ta waya a saman ɗakin tattabarun. Kada ka saki ƙanana da ba su ƙware da tashi ba sai kana tsaye a wurin, kuma ka daina watsa musu dawa a fili inda babu mafaka. Wallahu a'alam.