Amsa ga mai son yin bincike kan cututtukan cin abinci

Malama, kin tambaya ko likitan ƙwaƙwalwa zai iya gina aikinsa na jami'a a kan cututtukan cin abinci, wato matsalolin ƙwaƙwalwa da ke dagula yadda mutum ke cin abinci, alhali yana zaune a Kano. Zai iya, amma sai ya fara kammala horon ƙwarewa a wuri irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sannan ya nemi gurbin koyarwa a Jami'ar Bayero.

Ki duba tarihin Farfesa Gerald Russell na Ingila. A shekarar 1979 ya fito da bayanin cutar bulimiya, wadda mai ita kan ci abinci fiye da kima sannan ya jawo amai da gangan, kuma daga marasa lafiya 30 kacal da ya lura da su da kyau ya gina wannan bayani.

A ganina, abin da ya fi cancantar bincike a nan ya sha bamban da na Turai. Ki shiga kemis a Sabon Gari ki ji yadda 'yan mata ke tambayar maganin ƙara ƙiba gab da biki, wasu har da ƙwayoyin da ke kumbura fuska. Yarinyar da ta daina cin abinci kuwa, galibi wajen mai ruƙiyya ake fara kai ta, shi ya sa ba kasafai take isa gaban likita da wuri ba.