Tambaya da Amsa: Me ya sa ake kambama Leroy Carr a kiɗan buluz?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina son tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka da ake kira buluz, kuma a zatona kiɗan jita ne kawai. Kwanan nan na ci karo da sunan Leroy Carr, aka ce makaɗin fiyano ne da ya sauya salon. Na saurare shi, sai na ji murya a sanyaye, ba wani abin mamaki. Me ya yi ne haka? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan sanyin muryar da ka ji, ai shi ne abin da ya kawo. Kunnenka ya saba da shi ne saboda mawaƙan da suka biyo baya sun kwaikwaye shi har ya zama ruwan dare.

An haifi Carr a Nashville ta jihar Tenesi a 1905, amma a Indiyanafolis ya tashi. Shi ya koya wa kansa fiyano. Ya ɗan taɓa aikin soja, ya yi ƙwadago, da dare kuma yana kiɗa a gidajen shagali na unguwar baƙaƙen fata. A nan ya haɗu da Scrapper Blackwell, makaɗin jita wanda a lokacin yake dafa giya a ɓoye yana sayarwa, domin Amurka ta haramta cinikinta daga 1920 zuwa 1933.

Kafin 1925, idan za a ɗauki waƙa a faifan garmaho, mawaƙi tsayawa yake gaban wani babban mazurari ya ɗaga murya, ƙarfin sautin ne ke motsa allurar da ke zana faifan. Mai ƙaramar murya ba shi da rabo. Ga shi kuma yawancin mawaƙan a bakin titi ko a dandali suka koyi sana'ar, inda sai ka yi kururuwa za a ji ka. Da makirufo ya shigo ɗakunan ɗaukar sauti, sai dama ta samu ga wanda zai rera kamar yana hira da mutum ɗaya a ɗaki. Carr na cikin na farko-farko a buluz da suka ci moriyar wannan. A 1928 shi da Blackwell suka yi wa kamfanin Vocalion waƙar "How Long, How Long Blues", kukan mutumin da ya zo tasha ya tarar jirgin ƙasa ya tafi da masoyiyarsa. Faifan ya yi kasuwa matuƙa. Ka tuna lokacin ne baƙaƙen fata ke ta ƙaura daga gonakin kudu zuwa biranen arewa, kusan kowa yana da wanda jirgi ya raba shi da shi.

Idan za ka sake sauraro, ka bar muryar tukuna, ka bi hannunsa na hagu. Shi ne ke riƙe da tafiyar kiɗan, a natse, ba gaggawa, kamar mai ganga da ya san aikinsa. Hannun dama kuwa ba ya cika ado. Carr ba ya cikin masu gudu a kan fiyano don a yaba musu, da gangan yake barin fili, sai Blackwell ya cike shi da jita, yana tsinkar tsirkiya ɗaya-ɗaya da kaifi, kamar mai amsa wa mawaƙi. Fiyano kayan kiɗa ne mai cika ɗaki, yana iya danne jita cikin sauƙi, amma a faifansu kowa ana jin sa sarai. A ganina wannan haƙurin ne babbar gwanintarsa, kuma ya fi wuyar koyo a kan saurin yatsu.

Sun yi shekara 7 suna aiki tare, suka ɗauki waƙoƙi sama da 100, har cikin shekarun karayar tattalin arziki da ta fara a 1929, lokacin da kamfanoni suka sallami mawaƙa da yawa. Daga cikinsu ka nemi "Blues Before Sunrise" ta 1934 da "In the Evening" ta 1935. Wannan ta biyun ce Robert Johnson, mawaƙin buluz na karkara wanda masoya jita ke ɗaukakawa, ya ɗauko karinta ya gina "Love in Vain" a kai a 1937. Ka ga ke nan ko buluz ɗin karkara da kake zaton na jita ne zalla ya sha daga faifan mai fiyanon birni. Salon rera waƙa a tausashe da aka san Nat King Cole da shi, da Ray Charles a farkon tashensa, masana da dama kan mayar da tushensa ga Carr.

Ƙarshensa abin tausayi ne. Giya ta ci ƙarfinsa. A Fabrairun 1935 ya yi ɗaukar sautinsa ta ƙarshe a Shikago ga kamfanin Bluebird, waƙar da ya rufe da ita kuwa, "Six Cold Feet in the Ground", a kan kabari take magana, shi kaɗai ya yi ta ba Blackwell. Ya rasu a Indiyanafolis ranar 29 ga Afrilu, 1935, da ciwon ƙoda, yana da shekara 30. Blackwell ya yi masa waƙar ta'aziyya a shekarar, ba da jimawa ba ya ajiye jitarsa, bai koma ɗaukar sauti ba sai a ƙarshen shekarun 1950.