Tikitin Kurket: Na Yini Guda Ko Na Awa Uku?

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan makon, duk a kan wasan kurket. Ta farko ce za ta fi cin wuri.

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Nottingham. Abokan karatuna 'yan Pakistan da Indiya sun ishe ni da hirar kurket har na fara sha'awa. Idan wata ƙasa ta zo Ingila buga jerin wasanni, nakan ga tikiti iri biyu, ODI da T20. Kuɗina na ɗaya ne kacal. Wanne zan saya?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Sayi na T20, kuma ka saya a garinku.

A kurket ana ƙirga jifa ne shida-shida, kowane shida sunansa oba. A ODI kowace ƙasa na da oba 50, wasan kan ci kusan awa takwas. A T20 oba 20 ne kowane ɓangare, cikin awa uku zuwa uku da rabi an watse. Wanda bai taɓa zama a filin kurket ba, awa takwas ta yi masa yawa. Tsakiyar wasan ODI, wajen oba na 15 zuwa na 35, lokaci ne na lallaɓawa, masu bugu suna tsintar maki ɗaya-ɗaya, mai jifa yana ɗana tarko. Masana a nan suke jin daɗi. Kai kuwa a nan za ka fara latsa waya kana tunanin aikin da malami ya ba ka.

Amma kafin ka biya, ka san abin da kake saya. Dubi zuwan Afirka ta Kudu Ingila a watan Satumban 2025, ODI uku da T20 uku. A wasan farko a Headingley da ke Leeds, an fitar da masu bugun Ingila gaba ɗaya, wato damarsu ta bugu ta ƙare, da maki 131, baƙin suka cimma su kafin su cika oba 21. Waɗanda suka biya kuɗin oba 100 ko rabi ba su gani ba. Kwana biyu bayan nan a Lord's da ke Landan, Afirka ta Kudu ta yi 330, Ingila ta bi ta har 325, aka rabu da tazarar maki 5, ba wanda ya san mai nasara sai a jifan ƙarshe-ƙarshe. Da wannan ne Afirka ta Kudu ta ci jerin ODI a Ingila karo na farko tun 1998. Sai wasa na uku a Southampton, inda Ingila ta tara 414 ta kuma fitar da baƙin da 72 kacal. Tazarar maki 342 ke nan, irin wadda ba a taɓa gani ba a ODI na maza kafin ranar.

T20 ɗin ma bai tsira ba. A Cardiff ruwan sama ya datse wasan har Ingila ta buga oba 5 kawai. A Old Trafford da ke Manchester, Ingila ta yi 304, Phil Salt shi kaɗai ya ci 141 ba a fitar da shi ba. Na ƙarshen kuwa a Trent Bridge aka shirya shi, nan garinku, ruwa ya hana a yi ko jifa ɗaya. Wasa shida, ƙasashe biyun nan dai, amma abin da mai tikiti ya samu ya dogara da ranar da ya zaɓa. Sayen tikitin kurket kamar sayen kankana ne, sai an yanka ake sanin cikinta.

Shi ya sa na ce a garinku. Idan ruwa ya ɓata wasa, kuɗin tikiti na iya dawowa, amma na jirgin ƙasa da na masauki sun tafi. Abin da aka saba a filayen Ingila shi ne, idan ba a yi wasa ba sam, ko aka yi ɗan kaɗan babu sakamako, ana mayar da kuɗi duka ko wani kaso. Idan kuwa an samu mai nasara, ko da wasan ya gajarce, ba a bin ka ba ka bin kowa. Kuma ba sai an yi da yawa ake samun sakamako ba: a T20 ya isa kowane ɓangare ya buga oba 5, a ODI oba 20, sai a lissafa sauran da tsarin da ake kira DLS. Karanta sharuɗɗan filin kafin ka danna biya. Sannan kuɗin da ake mayarwa katin wanda ya saya tun farko yake komawa. Idan a hannun 'yan bumburutu ka saya, ko wani da ka haɗu da shi a Facebook, shi zai karɓa, kai ka koma gida a jiƙe. Shafin filin ko na hukumar kurket ta Ingila, ECB, nan ne wurin saye.

Akwai maganar wurin zama, wadda abokanka ba lallai su tuna su gaya maka ba. Wasu sassan filayen Ingila sun yi suna wajen shan giya da waƙe-waƙe, irin su Western Terrace a Headingley da Hollies a Edgbaston da ke Birmingham. Filaye da yawa suna ware sashen iyali ko sashen da ba a shan giya, a taswirar kujeru za ka gan shi. Can za ka nema. Manyan filayen kuma galibi suna da ɗakin ibada. Tambayi ma'aikatan ƙofa tun shigarka, kada ka bari sai magariba ta ƙure. Ka tafi da rigar sanyi ko da rana ta fito, don wasan T20 yawanci da yamma ake yi, kuma iskar Ingila bayan faɗuwar rana ba ta san watan bazara ba.

Idan ka je T20 sau ɗaya ka ji bai ishe ka ba, to lokacin ODI ya yi.

Malam, ina Kaduna. Ina son bin wasannin nan a talabijin. Ya kamata in ƙara kuɗin DStv saboda kurket?

Malam, a'a, sai dai idan dama kana da wani dalilin ƙarawa. SuperSport na da tashar kurket ta musamman, kuma da yake kamfanin na Afirka ta Kudu ne, wasannin ƙasarsu ba su cika wuce su ba. Amma tashar ba ta cikin ƙananan ƙunshi, kuma ba kowane jerin wasanni suke da iznin nunawa ba. Duba jadawalinsu tukuna, idan jerin da kake so yana ciki, biya na wannan watan kaɗai, ka sauko bayan an gama. Irin wannan jerin bai cika wuce mako biyu zuwa uku ba.

Ka yi lissafin lokaci ma. A lokacin zafinsu, agogon Ingila daidai yake da namu, to wasan yamma a can yamma ce a nan. Indiya ta riga mu da awa huɗu da rabi: ODI da aka fara ƙarfe 1:30 na rana a can, ƙarfe 9 na safe ne a Kaduna, kana wurin aiki. Na Ostareliya kuwa da yawansu tsakar dare ko da asuba suke faɗowa. Biyan kuɗin abin da za ka yi barci ka bari asara ce. Shafin ESPNcricinfo na kawo rahoton kowane jifa kyauta ba tare da cin data mai yawa ba, hukumomin ƙasashen kuma suna ɗora taƙaitaccen bidiyo a YouTube.

Ɗiyata mai shekara 12 ta shiga kurket a makarantarsu a Abuja. Ta ce in saya mata sandar bugu irin ta manyan 'yan wasa, ta icen Ingila. Na ga tsadarta ta ninka ta icen Kashmir. Akwai bambancin da ya kai haka?

Hajiya, bambancin akwai shi, amma ba na 'yar shekara 12 ba ne. Icen Ingila ya fi sauƙin nauyi, ƙwallo kuma ta fi tashi a kansa, shi ya sa ƙwararru suke amfani da shi. Sai dai yana da laushi, yana son a shafe shi da man da ake yi masa, a kuma bubbuge fuskarsa na awanni kafin a fara wasa da shi. Bushewar hunturunmu na tsaga shi idan aka yi sake, balle a bar shi a but ɗin mota cikin rana. Icen Kashmir ya fi nauyi kaɗan, ya fi jure wahala, kuma ya ishi mai koyo. Bayan haka yarinyar girma take yi, nan da shekara ɗaya ko biyu sandar za ta yi mata kaɗan.

Abin da za ki lura da shi shi ne girma. Sandunan yara lamba gare su, har zuwa 6, sai wadda ake kira Harrow, sannan ta manya. Da tsawon yaro ake zaɓa, ba da shekaru ba, don haka ki tafi da ita shagon ta ɗaga da hannu ɗaya ta gani. Idan hannun ya fara rawa, ta yi mata nauyi.

Rarar kuɗin ki zuba a hular kwano mai raga a fuska, da safar hannu, da makarin ƙafa. Ƙwallon fata ta kurket tana da tauri ƙwarai, ta manya ta kai wajen giram 160, kuma a 2014 ta yi ajalin Phillip Hughes, ɗan wasan Ostareliya, da ta same shi a wuya. Idan da ƙwallon tanis suke atisaye a yanzu, kayan kariyar na iya jira, amma ranar da suka koma ta fata kada ta shiga fili babu hula. Ki fara tambayar kocinsu ko makaranta na ba da aro.

Ki kuma gaya mata cewa a watan Janairun 2025, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand da maki 2 a gasar cin kofin duniya ta T20 da aka yi a Malesiya. Allah Ya yi mata albarka, Ya sa ta fi su.