Mahaifiyata 'yar Filifin ce: ina da ƙuri'a a zaɓen ƙasarsu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata 'yar Filifin ce, aikin koyarwa ya kawo ta Najeriya a farkon shekarun 1980, ta auri mahaifina. An haife ni a Kaduna a 1988, ban taɓa taka ƙasarsu ba. Kwanan baya ɗan ƙanwarta ya ce mini a waya wai ina da ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasarsu na 2028. Gaskiya ne ko zolaya? In gaskiya ne, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗan'uwan naka ba zolayarka yake yi ba, sai dai ya gutsuro maka rabin zance. Sauran rabin yana cikin akwatin takardun Mama.

A Filifin jini ake bi, ba wurin haihuwa ba. Tsarin mulkinsu na 1987 ya ce duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Da a ce kafin 17 ga Janairun 1973 aka haife ka, da sai ka bi wata doguwar hanya ta zaɓar ƙasar uwa bayan ka kai shekarun hankali, amma kai ɗan 1988 ne, wannan bai shafe ka ba. Abu ɗaya ne zai yanke hukunci: ranar da aka haife ka, Mama 'yar Filifin ce a idon doka?

Aure shi kaɗai bai raba ta da ƙasarta ba, tsarin mulkin ya faɗi haka ƙarara. Idan takardar izinin zama ta riƙe tana sabunta fasfonta na gida, to shi ke nan, da 'yancinka aka haife ka. Inda ake samun cikas shi ne idan ta nemi zama 'yar Najeriya a hukumance, ta yi rantsuwar mubaya'a tun kafin zuwanka duniya. A dokar wancan lokacin wannan yana zubar da ɗan-ƙasancin mutum. Dokar RA 9225 ta 2003 ta ba irin su Mama damar dawo da nasu ta hanyar sabuwar rantsuwa, amma 'ya'yan da take ja tare da uwar su ne waɗanda ba su kai 18 ba kuma ba su yi aure ba. Kai ka wuce nan. Don haka kafin ka kashe ko sisin mota, zauna da ita ku buɗe tsohon fasfonta, ku duba kwanan wata. Ta ɓangaren Najeriya kuwa kwantar da hankalinka, wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa doka ba ta hana shi riƙe ƙasa ta biyu ba.

Mu ɗauka lissafin ya faɗo daidai. Mataki na gaba ba maganar zaɓe ba ce, maganar takardar haihuwa ce. Tambaye ta ko ta kai rahoton haihuwarka ofishin jakadancin Filifin lokacin kana jinjiri. In ba ta kai ba, ana karɓar rahoton ko a makare, a ofishinsu da ke Abuja, tare da takardar rantsuwa mai bayyana dalilin jinkirin, da shaidar haihuwarka, da ta auren iyayenka, da fasfon Mama. Daga nan a aika Manila a shigar da kai kundin hukumar ƙididdiga ta PSA, sannan ka nemi fasfo. Nan ne wahalar take, musamman in sunanka ya sha bamban tsakanin takardu, a nan Muhammad a can Mohammed. Gyara wannan tun da wuri.

Da fasfo a hannu sai rajista. Hukumar zaɓensu COMELEC ce, kamar INEC a wurinmu, amma ga mazauna waje jami'an jakadanci ne ke yi a madadinta. Dole ka je da ƙafarka, a ɗauki hotonka da zanen yatsu da sa hannu, kuma kyauta ne. Kada ka ce sai zaɓe ya matso: a zaɓen Mayun 2025 an rufe rajista tun 30 ga Satumban 2024. Sharaɗin zaman shekara guda a ƙasa da wata shida a mazaɓa na mazauna gida ne. Wata doka daban ta 2003 ce ta buɗe wa na waje ƙofar zaɓe, gyaran 2013 kuma ya soke rantsuwar alƙawarin komawa gida cikin shekara uku da a da ake ɗora wa masu zaman dindindin a ƙetare. Ka ga abin da 'yan Najeriya mazauna waje suka daɗe suna nema ba su samu ba, kai ga shi ta wajen uwa.

Me za ka zaɓa? Shugaban ƙasa, mataimakinsa, sanatoci, da ƙungiya ɗaya daga jerin da aka ware wa kashi 20 cikin 100 na kujerun majalisar wakilai. Gwamna da magajin gari da ɗan majalisar mazaɓa ba naka ba ne, sai in ka koma can da zama.

Ka ajiye sabon da ka yi da zaɓenmu a gefe. Can ba alamar jam'iyya ake dangwala wa ba, sunan mutum ake bi, ka cike ɗan da'irar da ke gefensa, na'ura ta ƙirga, haka suke yi tun 2010. Shugaba da mataimaki ba tikiti ɗaya ba ne, shi ya sa a 2016 Rodrigo Duterte ya hau mulki da Leni Robredo ta wata jam'iyya a matsayin mataimakiya, zaman doya da manja. Wa'adin shugaba ɗaya ne tal, shekara shida. Babu zagaye na biyu, wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci, har Fidel Ramos ya yi nasara a 1992 da ƙasa da kashi 24. A ganina wannan rauni ne a tsarinsu, amma yana nufin ƙuri'a ƙalilan na iya juya sakamako.

Sashen sanatoci ne ke kayar da sababbin shiga. Sanatoci 24 ne, ƙasa baki ɗaya ce mazaɓarsu, ana sabunta 12 duk shekara uku. Za ka tarar da sunaye sama da 60. Kana iya zaɓar ƙasa da 12, amma ka kuskura ka yi 13, ƙuri'arka ta wannan sashen ta lalace gaba ɗaya. Rubuta jerinka tun daga gida.

Ranar zaɓe Litinin ta biyu ce a watan Mayu, wato 8 ga Mayun 2028, amma ku na waje kwana 30 ake ba ku, ƙarshensu ranar zaɓen. Wasu wuraren da ƙafa ake zuwa, wasu ta gidan waya, a 2025 kuma an fara ta intanet a ofisoshi da dama. Ranar rajista ka tambayi wacce hanya aka ware wa Abuja.

Idan ka tsallake zaɓen ƙasa biyu a jere, za a dakatar da sunanka sai ka sake nema, kuma na tsakiyar wa'adi, irin na 2031, yana cikin lissafin. Ka duba wa Mama nata sunan ma, mai yiwuwa ya daɗe a dakace. In haka ne sai ku yi tafiyar Abuja tare.